Damin Iri a Ɗakin Rediyon Kaka

Ranar da aka binne kakana, fasto ya ce duk mai abin da zai faɗa game da shi ya tashi ya faɗa. Mutane da yawa sun tashi. Ni ma ina da abin faɗi, amma na zauna a benci ban tashi ba. Ko a aji, in mushe, malaminmu, ya kira sunana, da ƙyar ake jin muryata. Shi ya sa nake rubutawa, don na ji abin da aka yi ta faɗa a zaman makoki, kuma ba duka ne daidai ba.

Wuri biyu aka shimfiɗa tabarmi a gidanmu na Tasawa. Masu bi suna ƙarƙashin iccen bedi da littattafan waƙoƙinsu. Danginmu na Maijirgi, waɗanda duk Musulmi ne, suna bakin zaure tare da maƙwabta. Ni aka ba ƙwaryar ruwa ina zagayawa tsakaninsu. A shekarar, in an miƙa wa baƙo ruwa, leɓensa kawai yake jiƙawa ya mayar. Ba wanda yake lura da yarinya mai ƙwarya, sai kowa ya ci gaba da maganarsa.

Wani tsoho da suka yi aiki tare a gidan waya ya ce, "Na sha gaya mishi, wanga akwati shi zai ci shi."

Wata uwa daga zumuntar mata ta ce, "Mutum da tsufansa ya faɗa wuta saboda rediyo! Ubangiji ka kiyashe mu da taurin kai."

Limamin unguwarmu, wanda suka shekara da shekaru suna dara da kaka, bai yi addu'ar da ake yi wa mamacinsu ba. Cewa ya yi, "Allah shi ba ku haƙuri," ya zauna, kuma ya fi kowa daɗewa a zaune. Da maganar rediyo ta yi yawa sai ya ɗago kai ya ce, "Ba rediyo ya fito da ita ba. Ina wurin." Bai ƙara ba, su ma ba su tambaya ba.

Maƙwabciyarmu ta bayan katanga tana can gefe ita kaɗai, ta zuba wa tafin hannunta ido. Duk macen da ta zauna kusa da ita sai ta tambaye ta, "Ai mun kawo ruwa da wuri, ko?" A ce mata, "Kun kawo, sannunku."

Abin da kaka ya fito da shi daga wuta damin hatsi ne guda, na iri. Shi kaɗai ya rage wa gidanmu na shukawa. In babu shi, ko sama ta tsage da ruwa, gonarmu ta Maijirgi haka za ta kwana fanko.

Kakana dogo ne siriri, kunnensa na hagu ya fi na dama ji, don haka kullum a karkace yake sauraron mutum. Da ƙuruciyarsa ya bar ƙauye, ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya karɓi bangaskiyar Kirista, ya yi aikin buga waya har ƙarfinsa ya ƙare. Da ya bar aiki bai sayi shanu kamar sa'o'insa ba. Ɗaki ya gina a kusurwar gida, ya kafa dogon ƙarfe a kansa, ya ja waya daga ƙarfen zuwa reshen bedi. A ciki akwai tebur, da rediyon da ake magana a cikinta a ji ka a wata ƙasa, da baturan mota a jere a ƙasa. Yana da takardar izininsa a cikin gilashi a jikin bango. Mutanen da ya yi hira da su sukan aiko masa da kati mai hoto, ya liƙa, har bangon ya rufe. A jikin bangon nan na fara ganin ƙanƙara, na ga teku.

Ba ya barin kowa ya shiga, in ba liman ba. Ni ma daga bakin ƙofa nake tsayawa. In ya ga inuwata sai ya ce, "Amarya, yau ma ba tuwo? Ni fa na gaji, sakinki zan yi."

Shi kaɗai ne nake iya mayar wa magana. In ce, "Saki mana, tsoho. Wa zai kwashe ka da wannan kunne?"

Ya yi dariya har ya yi tari.

Yana da tambaya guda da yake yi wa kowane sabon abu. In an kawo risho, ko fitila, ko babur, kafin ya tambayi yadda ake kunnawa sai ya ce, "Ta ina ake kashe shi?" Ɗan injin da ke cika masa batura, wanda muke kira gurup, a tsakar gida yake tayar da shi, nesa da danga. Galan ɗin isansi kuwa, wato fetur, rami ya haƙa masa a bayan ɗaki, ya rufe da murfin tukunya. Ba a shiga ɗakin da fitilar kananzir. Liman ma, in ya zo da tabarsa a baki, sai ya tofar a waje.

Sai damina ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. Hatsi ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Babana ya bi ayarin masu tafiya kudu neman abinci, ya bar mu da inna. Shanun Fulani suka riƙa faɗuwa a bakin hanya, fata ta yi arha har ba mai ɗauka. A rijiyar unguwa mata sukan jera tuluna tun asuba, wata sai azahar layi zai zo kanta.

A tsakiyar rani ƙanwar kaka ta iso daga Maijirgi a kan amalanken jaki. Babana yana kiranta Gwaggo, mu ma duk haka muke kiranta. Ba ta zo da kayan sawa ba sai ƙunshi guda, da jikokinta ƙanana, da dami a naɗe cikin tabarma. Ba ta bari mai amalanke ya taɓa shi ba. Ita ta sauke, ta wuce kai tsaye ta ajiye a ƙofar ɗakin rediyo.

"Yaya, buɗe."

Kaka ya leƙa cikin tabarmar. Zangarniyoyi ne dogaye, zaɓaɓɓu, daga shekarar da ta yi kyau. Ya ce, "A nan? Busasshen hatsi kusa da batura? Ki kai ɗakin uwar yara."

"In kai inda yara ke kwana da yunwa? Ni kaina ban yarda da kaina ba. Shekaranjiya na farka na iske hannuna cikin tabarmar nan. Ɗakinka kaɗai ke da kwaɗo, kuma kowa tsoronsa yake."

"To a sussuke shi, in zuba a randa da toka, in liƙe bakin da laka. Randa ba ta kama wuta."

Gwaggo ta dube shi kamar ya zage ta. "Lakwal ta mantar da kai? A gidanmu wa ya taɓa sussuke iri kafin ruwa ya sauka? In yana jikin zangarniya iri ne. In ya zama tsaba, ranar da yaro ya suma a gabana, zan daka shi. Ka san zan daka."

Suka yi ta yi har rana ta karkata. Ta ce ya bar addinin ubansu, yanzu kuma zai bar irin ubansu a waje. Ya ce in ɗakin ya kama, ita za ta fara cewa rediyonsa ce ta cinye gidan. Inna ta ja mu cikin ɗaki, amma ana ji. Daga ƙarshe na ji ƙarar kwaɗo.

Washegari ya fara gyaran ɗakin, kuma bai huta ba har ya gama. Da farko ya cire katunan bango ɗaya bayan ɗaya. Yakan duba kowanne kafin ya sa a gwangwani, kamar mai sallama da baƙi. Ya cire labule, ya fitar da tabarmar ƙasa da kujerar katako, ya kawo ta ƙarfe. Rufin ɗakin azara ce da zana, sai ya ce dole a shafe shi da laka daga ciki. Nan rigima ta tashi da inna, don laka sai da ruwa.

"Baba, ruwan da zan dama wa yara kunu za ka kwaɓa ƙasa da shi?"

"Ba shi ba, ɗiyata. Wanda kika wanke tukunya, da wanda kika wanke wa jariri jiki. Kada ki zubar, ki tara mini."

Haka ya riƙa shafa rufin kaɗan-kaɗan, kullum gwargwadon dattin ruwan da aka samu. Ɗakin ya daɗe yana warin tukunya. Ya sa wani makashi mai hannu a bakin ƙofa, wanda in an ja shi ƙasa duk wayoyin ɗakin sun mutu. Ya rataye bargon ulu a ƙusa. Ya samo wata jar kwalbar ƙarfe ta kashe wuta a wurin wani direban babbar mota da suke majami'a ɗaya, ya ɗaure ta a bango daidai kafaɗarsa. Ya shafa wa tsofaffin bokitai jan fenti, ya cika su da yashi, ya jera daga ciki da waje. Damin kuwa ya fitar da shi daga tabarma, ya naɗe shi cikin fatar saniya, don fata ba ta saurin kamawa. Ya rataye shi a azarar da ta fi nisa da batura, can ƙuryar ɗaki.

Liman ya zo dara ya ga bokitan, ya tsaya ya riƙe haɓa.

"Kai kuma, mutane na ɓoyon hatsi, kai kana ɓoyon rairayi? A Tasawa? Ko ka ji a rediyonka za a yi ƙarancinsa?"

"Zauna in cinye ka, malam. Ranar da rawaninka ya kama za ka zo aro."

Mu na gida ya tara mu ya koya mana. Ya zuba isansi kaɗan a tsohon faranti a tsakar gida, ya ƙyasta ashana. Ya ɗiga ruwa a kai, wutar ta yi tsalle ta gudu bisa ruwan har ta zubo ƙasa. Ya watsa yashi, ta mutu nan take. Ya ce, "Kun gani? Wannan ba wutar kara ba ce. In kun ji na kira, yashi za ku kawo, ku zuba a gindinta, ba a kanta ba." Ya sa kowa ya gwada, har Gwaggo, tana yi tana tsaki. Ya so ya nuna wa matan unguwa, amma wa ke da lokacin kallon faranti a shekarar? Suna bakin rijiya.

Wata rana da hantsi mutum biyu masu kaki suka yi sallama. Lokacin soja ne, ba a tambayar mai kaki daga wane biro, wane ofishi, yake. Suka duba takardar da ke bango, suka duba rediyon. Babban cikinsu ya ce an ji labari ana gaya wa mutanen waje cewa ana yunwa a ƙasar nan. Kaka ya ce shi in an tambaye shi lafiyar gida ba ya iya cewa lafiya lau. Mutumin ya ce, "Tsoho, ba mu son mu ɗauke ka. Kada mu sake jin ƙarar injin nan." Na lura ƙaramin cikinsu yana ta kallon abin da ke rataye cikin fata. Da za su fita ya ce a hankali, "Ku riƙe shi da kyau, mu namu mun ci."

Kwanaki ɗakin na kulle. Bazara ta shigo, zafi ya yi tsanani, gajimare yakan taru a gabas ya watse. Gwaggo ta shiga damuwa. In ta koma ƙauye da wuri, ba abin da za ta ci a can. In ta makara, ruwan shuka ya sauka ba ta nan, ƙasa ta bushe kafin ta isa. A da kaka yakan tambayi abokan hirarsa na kudu inda ruwa ya kai, don daga can yake taho mana. Yanzu batura sun mutu.

Kullum da la'asar sai ta tsaya a kansa. "Yaya, ruwa ya kai ina?"

"Ban sani ba."

"Kai da ke jin maganar bayan teku?"

Ranar da ta tambaya ya tashi ya nufi ɗakin, na san abin da zai yi. Ya huda bango ta baya, ya zura bututu don hayaƙi ya fita, ya shigar da gurup cikin ɗaki, ya rufe ƙofa don kada a ji daga titi. Galan ɗin isansi ma ya bar raminsa, don kada a ga yana kai da kawo da shi a tsakar gida. Duk abin da ya hana mu, shi ya yi da hannunsa, yana sane. Na gan shi ya ƙaro bokiti biyu ya ajiye kusa da injin. Daga ranar ya sake samun amsar da zai ba ta. Yau ya ce ruwa ya sauka can ƙasan Kano, jibi ya ce ya matso.

Akwai abin da na gani wanda ban ji kowa ya ambata a makoki ba. In inna ta kai masa ɗan tuwonsa, sai ya kira jikokin Gwaggo ya ce su zo su taya shi, wai haƙoransa sun gaji. Ya ɗanɗana loma guda, ya tura musu kwanon. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Hannunsa, wanda yake buga waya da shi ba kuskure, ya fara rawa. In ya ɗauki moɗa, sai ya riƙe da hannu biyu.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, kowa ya nemi inuwa. Ina ƙarƙashin bedi ina bitar darasi. Na ji ƙarar ƙarfe ya faɗi a ɗakin, sai wani sauti kamar an kaɗe babbar tabarma. Daga baya kaka ya gaya mana cewa ya jira injin ya huce kamar kullum, ya ɗaga galan zai zuba, hannunsa ya saki. Galan ɗin ya faɗa kan batura, ƙarfe ya haɗa kawunansu, tartsatsi ya tashi.

Ƙofa ta buɗe, ya ja makashin ƙasa. Muryarsa ba ta ko rawa ba. "Yashi! Ku kawo yashi!"

Ya ciro jar kwalbar ya fesa, farin gari ya cika ɗakin. Inna da Gwaggo suka riƙa ɗaukar bokitai suna zubawa a gindin wutar, yadda ya koya musu. Ni ina cika waɗanda suka ƙare da tasa daga tsakar gida. Wutar ta ja baya, ta taru a kusurwar injin. Da idona na gani, abin da ya rage bai fi faɗin faifai ba. Kwalbar ta ƙare, amma yashi na zuwa.

Sai dai hayaƙi ya riga ya tashi sama. Wani ya hango daga titi ya yi kururuwa, "Gobara! Gobara gidan mai rediyo!"

A unguwarmu, in an yi wannan kira, ba a tambaya. Duk abin da ke hannunka mai ruwa, da shi za ka ruga. Lokacin kuma matan da suka kai layi suna dawowa daga rijiya, kowacce da tulun da ta jira tun asuba, ruwan da za ta sha da ƴaƴanta har gobe. Ba wadda ta tsaya ta ajiye a gida. Suka shigo a guje, ruwa na zuba a kafaɗunsu.

Kaka ya tare ƙofa da hannuwansa biyu. "Kada ku zuba! Ba ruwa! Ku bar ruwanku!"

Sun ji shi. Sun ɗauka kunya yake ji, yana tausayin ruwansu. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga ce a gaba. Ta ce, "Haba Baba, ruwa ya fi ka ne?" Ta ture hannunsa, ba shi da ƙarfin da zai hana ta, ta juye tulun gaba ɗaya. Na bayanta suka bi.

Abin da muka gani a faranti, shi ya faru a ɗaki. Ruwan ya wanke yashin, ya ɗago isansin da ke ƙasa, wutar ta hau kansa ta bazu ko'ina. Ta shiga ƙarƙashin tebur, ta isa galan ɗin da sauran mai a ciki, ta bi bango har ƙuryar da damin yake. Matan suka ja baya suna salati. Gwaggo ba ta yi kuka ba, kalma ɗaya ta faɗa: "Irin."

Kaka ya fizgi bargon daga ƙusa ya rufa a kansa. Rediyon tana kan tebur a bakin ƙofa, miƙa hannu kawai zai yi ya jawo ta. Ya wuce ta. Ban san tsawon lokacin da ya yi a ciki ba. Da ya fito, ya rungume damin a ƙirjinsa, fatar ta ƙanƙance tana hayaƙi, wandonsa na ci da wuta har gwiwa. Liman, wanda ya shigo ba takalmi, ya kayar da shi ƙasa ya yi ta birgima da shi cikin yashi, yana tura ƙasa a kansa da hannu biyu. Sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga jikin fatar.

Duk abin da ke ɗakin ya ƙone, amma rufin bai kama ba. Lakar nan ta ruwan wanke-wanke ta riƙe. Wutar ta ci abin da za ta ci a ciki ta mutu. Unguwarmu duk dangar kara ce da rumfunan zana, kuma ranar akwai iska. Wannan ma ban ji an faɗa a makoki ba.

An kai shi likita a amalanke. Suka wanke, suka naɗe ƙafafun da hannuwan, suka ce jikinsa ba shi da abin da zai yi yaƙi da shi. Ya ce a mai da shi gida. Ya kwanta a ɗakin inna, ni nake kore masa ƙuda da mafici.

Maƙwabciyar ta zo gaishe shi. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Baba, sannu. Da mun san da wuri, da mun fi haka kawowa."

Inna ta buɗe baki. Kaka ya juyo da kunnensa mai ji, ya dube ta, ta rufe.

Ya ce wa matar, "Ruwan yini guda kika juye saboda ni. Yaranki sun kwana da ƙishi. Na gode, ɗiyata."

"Ya dai taimaka, ko?"

"Na ga gudun da kika yi. Ba zan manta ba."

Da ta fita, inna ta fashe da kuka ta ce, "Baba, su suka kashe ka, kuma kana yi musu godiya?"

Ya daɗe kafin ya tara numfashi. "Ni na shigar da mai ɗaki. In kin gaya musu yau, gobe gidan wani ya kama, za su tsaya a ƙofa suna tunani. Ki bari cikin kowa ya cika tukuna. Sannan ki ɗauki faranti ki nuna musu." Shi ya sa ban sa sunan kowa a nan ba.

Zazzaɓi ya kama shi. In ya farfaɗo, tambaya ɗaya yake yi: "An buɗe?" Yana son ya san ko zafi ya kashe irin. Gwaggo ta ɗauke damin ta kai ƙarƙashin gadonta, fatar ta manne ta yi tauri kamar ƙarfe. Ta ce ba za ta yanka ba sai ruwa ya sauka, don in ta buɗe ta ga ya lalace, ba ta san fuskar da za ta shiga wurinsa da ita ba, in kuma yana da kyau, ga yara. Inna ta roƙe ta, fasto ma ya roƙe ta. Ta zauna a bakin gadonsa tana shafa masa goshi, ta ce, "Yaya, ka jira ruwa mu buɗe tare." Bai jira ba. Ya cika da safe, bai sani ba.

Ana cikin zaman makoki, wani mai amalanke ya iso daga Maijirgi, ƙafafun jakinsa duk laka. Ya yi gaisuwa, sannan ya matsa kusa da Gwaggo ya ce an yi ruwa a can jiya, ya haƙa da hannu har gwiwar hannu bai iske busasshiyar ƙasa ba. Ta miƙe daga tabarmar makokin ɗan'uwanta, ta shiga ɗaki ta fito da damin. Mata suka fara ƙus-ƙus, wai ko kwanakin ba za ta cika ba. Ba ta dube su ba. Ta ce wa inna, "Ba ni yarinyar nan. Ni zan sara, ita ta zuba."

Mun isa ƙauye da yamma, gidaje da yawa a rufe da ƙaya, masu su ba su dawo ba. A tsakar gidanta ta sa wuƙa ta tsaga fatar. Warin hayaƙi ya taso kamar ranar. Zangarniyoyin da ke waje sun yi baƙi, in ka taɓa sai su zama gari. Na bayansu sun yi ja kamar gasasshe. Ta ware su gefe, ta ce na yara ne, a yi musu kunu. Can tsakiya ta iske waɗanda launinsu bai sauya ba. Ta murje ɗaya a tafinta, ta ciji ƙwaya guda, ta daɗe tana taunawa. Muka murje sauran da hannu a cikin ƙwarya, ba ta yarda a sa a turmi ba.

Da gari ya waye muka shiga gona. Tana gaba da sungumi tana sara, ina biye ina zuba iri ina rufewa da diddige. Ta ce in riƙa zubawa fiye da yadda aka saba a kowane rami, don ba mu san nawa ne ke da rai a ciki ba. Saboda haka ƙwaryar ta yi saurin sauka. Ba ta waiwaya ba, tana ta sara, har ta yi mini nisa. Daidai wani gawo da ke tsakiyar gonar na sa hannu na ji ƙasan ƙwarya. Na kira ta, muryata ba ta kai ba. Sai da na ɗaga ƙwaryar na kife ta a sama, sannan ta gani.

Ta dawo a hankali, ta bi ramukan da ta sara waɗanda ba abin da za a sa musu. Ta tsaya a gindin gawon, ta dubi inda muka fito, ta dubi abin da ya rage. Tun rasuwar ban ga hawayenta ba, ban kuma ji ta yi masa addu'a ba, don ba ta san wadda za ta yi ba. A nan ta ajiye sungumi ta ce, "Yaya, ga inda ka kawo mu. Allah ya gani."

Na zauna da ita har kwanakin fitowar shuka suka cika. Kullum da sassafe muna gona, muna durƙusawa muna duba ramuka. Wasu ba su fito ba sam. Wasu sun fito da ganye ɗaya siriri. Amma in ka tsaya daga bakin gona ka karkata kai, kana ganin layukan kore suna tafiya har gindin gawo, daga nan sai jan rairayi.

Na dawo Tasawa saboda jarrabawa. Har yau da nake rubutun nan ba a sake ruwa a Maijirgi ba, kuma ba wanda zai gaya mana inda ya kai. Gwaggo ta aiko mai amalanke ya ce shukar tana nan tsaye, ganyen yana naɗewa da rana, yana buɗewa da safe.

Ubangiji ya ba kakana hutu wurin da ba zafi. Ya ba mu ruwa kafin ganyen ya daina buɗewa.